Ajiyar Yaya Obi

Mutumin da ya shirya mini tafiya tun daga Jos ya rantse cewa ƙaninsa zai tarbe ni a filin jirgin Houston riƙe da kwali mai sunana, ya kuma ba ni ɗaki har makaranta ta buɗe. Na sauka cikin zafin shekarar 2006, na bi kwalayen mutane ɗaya bayan ɗaya ina karantawa. Babu Habibu a ko'ina. Lambar da aka ba ni kuwa wata mata ce ke ɗauka, da na dame ta sai ta ce in na sake kira za ta haɗa ni da 'yan sanda. Daga baya na gane mutumin nan ba shi da ƙane ko a Bukur, balle a Amurka.

Lamba ɗaya ta rage mini, wadda Baba ya tilasta mini haddacewa ina ta gunaguni. Ta Obiora ce, ɗan maƙwabcin shagonmu a Dilimi. Baba tela ne, mahaifin Obiora kuma kayan gyaran keken ɗinki yake sayarwa, gidansu na Jos Jarawa. Ya girme ni sosai, tun ina yaro Yaya Obi nake ce masa, shi kuwa aikena sayen rake kawai ya sani. Ya bar Jos bayan rikicin 2001 ya koma Houston yana tuƙin tasi, tun daga nan ban sake sa shi a ido ba. Na kira ina jin kunya.

Kafin la'asar sai ga shi a tasi mai ruwan ɗorawa, ya ƙara ƙiba, yana ɗaga mini hannu ta taga.

"Habu, kai ne ka zama dogo haka? Shigo mota maza, wannan wuri ba a tsayawa. Yaya Baba Tela? Har yanzu yana cutan mutane da ɗinkin Sallah?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Hausar Jos ce tsantsa, irin wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kuma ban taɓa jin daɗin Hausa kamar ranar ba.

A gidansu na zauna har makaranta ta buɗe. Matarsa Nkechi, wadda ita ma a Jos ta tashi, ta sayi sabuwar tukunya saboda ni don kada in yi shakkar abincinta. Yaya Obi da kansa ya nuna mini alƙibla, da cikakken tabbaci, na yi kwanaki ina fuskantar Meziko kafin wani direba ɗan Sudan ya gyara mini. Mutanen kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansu ta wannan fuskar. Matsalar gidan ɗaya ce, tana kwance cikin kabad ɗin kaya a bayan kwat-kwat ɗin zuwa coci.

Baƙar bindiga ce doguwa, irin wadda muke gani a hannun sojan Amurka a talabijin. Ranar da ya fara fito mini da ita na miƙe tsaye ba shiri. A garinmu wanda ke riƙe da irin wannan ko dai yana sanye da kaki ne, ko kuma kana kwance a ƙasa yana laluben aljihunka.

"Zauna, matsoraci," in ji shi. "Kama ne kawai ya yi da na soja. Na soja in ka danne zai ta zuba. Wannan kuwa ka ja sau ɗaya, harsashi ɗaya, ka sake ja, wani ya fito, ba sai ka ɗana ba. A Texas in kana da katin zama, ka shiga shago ka saya kamar janareta."

Na tambaye shi me direban tasi zai yi da ita.

"Ranar da aka ƙona layinmu da silifas ɗaya na gudu har bariki. Ba zan sake gudu ba, Habu. Kuma wannan ba ya taɓa ba mutum kunya. Ka binne shi a laka, ka tono, zai tashi."

Wannan magana ta rashin ba da kunya na ji ta har ta fita mini a rai. Ana cin abinci ita ce, ana kallon ƙwallo ita ce. Wata Asabar ya ja ni filin koyon harbi don in gani da idona. Na zauna a benci, an toshe mini kunnuwa, gumi na bin bayana, shi kuma ya gyara tsayuwa. Ta yi ƙara kaɗan, sai ta cije. Kwanson harsashi ya maƙale a bakin ramin da yake fita. Ya ciro, ya sake gwadawa, ta sake cijewa. Wani tsoho Bature da ke gefenmu, mai irin ta Rasha wadda 'yan sandanmu ke ratayawa, ya leƙo ya ce irin ta Yaya Obi sai da mai da tsabta kullum, tasa kuwa tun bara rabon da ya wanke ta. Nan suka sarƙe da gardama kamar masu musun ƙwallo a teburin mai shayi. A hanyar gida Yaya Obi ya ɗora laifin kan harsashi mai araha, da muka kai rabin hanya ya koma kan man da ya shafa, kafin mu isa gida laifin ya zama na zafin Houston. Na ce masa da keken Baba ne ke cijewa haka, da tuni 'yan gwangwan sun auna shi a sikeli. Bai yi mini magana ba sai da aka zuba abincin dare.

Makarantar tawa tana wani ƙaramin gari a jihar Oklahoma, tafiyar yini guda a bas. Ilimin duwatsu da ma'adinai na je karantawa a digiri na biyu, ni jikan wanda haƙar kuza ta kawo Jos daga Kano. Na kama ɗaki a benen wata tsohuwa da mijinta ya rasu, Misis Dora, wadda ta kasa faɗin sunana har muka rabu. A makon farko matar da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje ta tara mu ta lissafa abubuwan da ke sa a kori mutum daga ƙasar. Ta ce mai bizar karatu kada ya yi aiki a waje ba izini, kada ya daina shiga aji, kuma ko kusa kada a sami bindiga a hannunsa ko a ɗakinsa. Da ta zo kan na ƙarshen har dariya na yi. Ni da ko kaza sai an riƙe mini ƙafafunta nake yankawa.

Mu mutanen Jos muna da alfahari da sanyi, muna yi wa Kanawa dariya in sun zo da rigunan sanyi. Garin nan ya cire mini wannan girman kai a hunturun farko. Iska ce ke tasowa daga fili ba dutse ba bishiya, ta shiga ƙashi ta zauna. Ina wanke kwanoni a ɗakin cin abincin makaranta, in dawo in dafa dankalin Turawa wanda ba ya ɗanɗanon komai, in kwanta ina tunanin gwaten Inna da masar bakin masallacinmu. Duk da haka karatu na tafiya. A Dilimi kuwa an riga an fara kirana injiniya, ko da yake na sha faɗa musu ba shi nake karantawa ba.

A farkon 2008 Nkechi ta haihu, namiji. Bayan 'yan watanni, wata ranar Lahadi da hantsi, sai ga Yaya Obi a ƙofar Misis Dora ba sanarwa. Ya kawo mini garin rogo da yaji da busasshen kifi. Bayan mun gaisa ya koma mota ya ɗauko wani dogon kwali mai hoton piyanon lantarki a jiki, an naɗe shi da salatif ta ko'ina.

"Habu, ajiya na kawo maka."

Na ce to, na tura kwalin ƙarƙashin gado.

Na san abin da mai karatu zai ce. Lauyata ma ta faɗa, 'yan sanda sun faɗa, kowa ya tambaye ni yadda mai hankali zai karɓi kaya bai san abin da ke ciki ba. Amsar ita ce a gidanmu ba a tambaya. Shagon Baba rabinsa ɗinki ne rabinsa ajiyar mutane, direbobi da 'yan kasuwa da masu tafiya Hajji kowa na kawo ƙullinsa. Tambayar mutum abin da ke cikin ajiyarsa daidai yake da ce masa ba ka yarda da shi ba. Ba a buɗewa, ba a miƙa wa wani, ranar da mai ita ya zo kuma ba a ce masa ya dawo gobe. Lokacin rikicin 2001 mahaifin Yaya Obi, wanda ake kira Papa, ya jefo buhuna ta katangarmu ya gudu, suka shekara a ɗakin Inna muna tsallake su, Baba bai taɓa kwance bakin ko ɗaya ba. Ga shi kuma Yaya Obi na kaɗa piyano a cocinsu. Na ɗauka jariri ne ya cinye musu wuri.

Bayan mako guda ya kira.

"Ka sa shi inda babu damshi ko? Kar ka jingina shi da bango. In ka samu lokaci ka ɗan shafa masa mai."

Na ce, "Yaya Obi, yaushe piyano ya fara shan mai?"

Ya yi wata 'yar dariya. A nan na gane bindigar ce, na zauna a bakin gadon, na kuma zabura na tashi da na tuna abin da ke ƙarƙashinsa.

Ashe Nkechi ce ta kafa masa doka, ta ce yaro zai fara rarrafe, ko bindiga ta bar gidan ko ita ta bar shi. Sai ya ce mata ya sayar. Na gaya masa abin da matar makaranta ta faɗa, na ce wannan kwali kaɗai ya isa a sa ni a jirgi.

"Wa zai sani? Kai da ko baƙo ba ka yi. Wata ɗaya kawai, Habu, kafin madam ya huce."

Madam ba ta huce ba, wata ɗaya ya haifi 'yan'uwansa. Duk mako sai ya kira, kuma kafin ya tambayi lafiyata sai ya tambayi tata. Ko ɗakin na da zafi, ko na ji warin tsatsa, ko na motsa kwalin. Wata rana har ya karanta mini abin da wasu masana suka rubuta a intanet, wai an gwada irinta a cikin yashi ta yi harbi ba ta cije ba. Na ce masa ni ban damu ba ko a cikin kunu aka gwada ta, ya zo ya ɗauki kayansa. Ya ce mako mai zuwa. Haushi kamar ya kashe ni. Mutum ya ɗauko wuta ya ajiye maka a ƙarƙashin katifa, sannan yana kiranka yana yabon kyawun wutar.

Barcina ya lalace. Duk jiniyar da ta wuce sai na leƙa taga. Na hana Misis Dora shiga ɗakina da injin shara, na ce al'adarmu ce namiji ya share ɗakinsa da kansa, ƙaryar da Inna za ta yi dariya har ta faɗi in ta ji. Na auna kowace hanya. In jefa a rafi, kayan mutum ne. In kai wa 'yan sanda, na kai kaina, na kuma kai shi, ga shi yana neman takardar zama ɗan ƙasa. In ɗauka in mayar masa Houston a bas, sai na tuna sunana Habibu Muhammad, a Amurkar waɗancan shekarun da ko da goro aka gan ni a filin jirgi sai an kira ni gefe. Misis Dora na da akwatin ƙarfe na bindigogin marigayin mijinta a ƙasa, ita doka ta yarda mata. Na roƙi Yaya Obi ya bar ni in ba ta.

"Ban san shi ba. Kai na ba. Ɗan Baba Tela na ba."

Har Baba na kira, ban faɗa masa ko mene ne ba, na ce dai ajiya ce mai nauyi kuma tana iya jawo mini matsala. Ya ce, "To ka matsa masa ya zo ya ɗauka. Amma kafin ya zo, a hannunka take." Ya koma tambayata ko ina samun zuwa Juma'a.

Haka muka kai ƙarshen Nuwamba, saura mini zango ɗaya in gama. Sai garinmu ya sake kamawa da wuta. Na yi kwanaki ina manne da waya, layi na shiga yana yankewa. Gidanmu Allah ya tsare, amma an kashe yara biyu da muka yi makarantar allo tare, an ƙona shagunan layin bayanmu. Sannan ƙanwata ta gaya mini an kashe Chuka, ƙanin Yaya Obi, a hanyarsa ta komawa gida daga Tina Junction. Sa'ana ne, tare muka yi firamare. Mutanenmu ne suka tare shi, ba ni da wata hanyar faɗar wannan. Na yi ta kiran Yaya Obi don in yi masa ta'aziyya, bai ɗauka ba. Kiran mako-mako ma ya tsaya, na rasa ko daɗi zan ji ko tsoro.

Ana tsakiyar jarrabawa, wata safiya ina shirin fita, Nkechi ta kira. Muryarta a dushe.

"Broda Habu, na san bai sayar ba. Jiya ya faɗa mini da bakinsa. Ya fita tun asuba, wajenka zai zo."

Abu na farko da ya zo mini shi ne alhamdu lillahi. Na kusa faɗa ma.

"Kar ka ba shi," in ji ta. "Tun da aka kashe Chuka ba ya ci, ba ya barci. Yau ya ce zai bi Chuka, gobe a ce mini an ga tasinsa a fake a gaban masallacin da 'yan Najeriya ke Juma'a, yana zaune yana kallon ƙofa. Ban san ko kansa zai harba ba ko mutane. Shi ma ban ce ya sani ba. Don Allah, Broda Habu."

Na ajiye wayar na zauna. Wata da watanni ina roƙon mutumin nan ya zo ya raba ni da bala'insa, sai ranar da ba zan iya ba shi ba ya ga damar zuwa. Na yi tsaki har Misis Dora ta ɗago kai daga ƙasa ta tambaya ko lafiya. Ban je jarrabawar ranar ba. Na kulle ɗakina, na sa makullin a safa, na fito baranda na jira cikin sanyi.

Da azahar ya iso. Ya rame, gemu ya fito masa, rigar da ke jikinsa ta shan iska ce ta Houston. Bai gaishe ni ba.

Na ce, "Yaya Obi, ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana."

"Na zo ɗaukar ajiyana."

"Shigo ka sha shayi tukuna."

"Ban zo shan shayi ba. Ba kai ke damuna in zo in ɗauka ba? Ga ni."

Na ce ba zan ba shi yau ba. Ban taɓa jin wani a gidanmu ya furta wannan ga mai ajiya ba. Ya kalle ni kamar bai gane Hausar ba.

"Ka ce me?"

"Na ce ba yau ba. Ka kwana biyu a nan, ka ci abinci, ka yi barci. In ka dawo hayyacinka mu yi magana."

"Nkechi ya kira ka."

"Ta kira."

Ya hau matakala ɗaya. "Babanka ya riƙe kayanmu shekara guda, ko allura bai ɓata ba. Ranar da Papa ya je, bai ce masa sai ya sha shayi ba. Kai ne za ka ci amana? Kun kashe mini ƙane, yanzu kuma za ku riƙe mini kaya?"

Wannan "kun" ɗin ta soke ni, har yau ina jin wurin. Raina ya ɓaci, na ce masa buhunan Papa kan keken ɗinki ne a ciki, ba a taɓa kashe kowa da kan keke ba. Na ce ya sa ni cikin haɗari wata da watanni saboda tsoron matarsa, ban ci amanarsa ba, yau ma ba ci zan yi ba, tana nan yadda ya kawo ta ko salatif ban ɓare ba. Amma sai dai ya bi ta kaina.

Ya fito da waya. "In ba ka ba ni ba, zan kira polis in ce ka sace mini bindiga. Ka san abin da zai faru da kai."

Na sani sarai. Na tuna zango ɗayan da ya rage, da kwanonin da na wanke, da mutanen Dilimi masu kirana injiniya. Makullin na cikin safata yana sanyaya mini idon sawu, hawa bene da saukowa kawai zan yi in zama ɗalibi mai gaskiya kamar kowa. Sai na tuna yadda sahu ke cika a masallacin nan ranar Juma'a, da yara a baya. Na tuna jaririnsa da ko tafiya bai fara ba.

Na ce, "Kira."

Na ɗauka ba zai iya ba. Ya kira. Ina tsaye ina ji ya ba su sunan titi da lambar gida da Turanci mai kyau, ya kashe wayar, sannan ya zauna a matakala. Ni ma na zauna, ɗan nesa da shi. Misis Dora, wadda ba ta ji ko kalma ɗaya daga abin da muka faɗa ba, ta fito da bargo biyu ta yafa wa kowannenmu ɗaya, ta koma ciki. Yana rawar sanyi yana kuka ba sauti. Ina jin tausayinsa, ina kuma jin kamar in kwaɗa masa mari.

Da 'yan sanda suka zo na faɗa musu komai, inda take, da mai ita, da yadda ta zo, da abin da matarsa ta gaya mini. Suka hau suka sauko da kwalin. Ɗayansu ya yanka salatif ɗin ya duba, ya ce wa abokinsa irin wannan ma ai tana yawan cijewa. Ko a wannan hali sai da Yaya Obi ya ɗago kai zai yi musu. Shi suka wuce da shi asibiti, ni kuma suka sa ni a bayan mota.

Washegari ya janye maganar sata, ya ce ƙarya ya yi. Amma zance ya riga ya bar hannunsa. An sami bindiga a ɗakin mai bizar karatu, kuma ni da bakina na ce na san da ita tun da daɗewa. Lauyar da aka ba ni, wata mata mai kirki da ke cin abinci a tsaye, ta tambaye ni ko ina da lasin farauta. Na ce farautar me. Ta ce da na yanki lasin farauta na jihar, wanda ake bayarwa a kantin sayar da ƙugiyar kamun kifi, da doka ta sassauta mini. Na daɗe ina kallonta. Ƙasar da takardar harbin zomo ke wanke mutum amma riƙon amana ba ya wanke shi, ni dai har na baro ta ban gane kanta ba. A ƙarshe aka daidaita cewa ba za a ɗaure ni ba in na yarda na tafi da ƙafata. Bindigar kuwa hukuma ta riƙe, ba a mayar masa ba.

Misis Dora ce ta haɗa mini kaya. Da na buɗe akwatin a Jos na tarar ta naɗe Alƙur'anina cikin sabon tawul ta ɗora shi a saman komai, don na taɓa gaya mata ba a ɗora masa kaya.

Na dawo Dilimi a farkon 2009 ba digiri, na tarar da rabin layin bayanmu toka ne. Masu kirana injiniya suka koma kirana ɗan Amurka, wasu na cewa ƙwaya aka kama ni da ita. Da na ba Baba labari ya daɗe yana juya zare a yatsa, sannan ya ce, "Ka hana mutum kayansa ke nan." Na ce na hana. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba, washegari dai ya sa babbar riga ya ce in raka shi Jos Jarawa mu yi wa Papa gaisuwar Chuka, a lokacin da ba kowa ke tsallaka unguwa ba. Yanzu ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare, da yamma in taya shi yanka yadi.

Yaya Obi bai kira ni ba har yau, ni ma ban kira shi ba, kuma ba zan ɓoye ba, haushinsa bai sake ni ba. Duk ranar da na wuce tsofaffin ramukan kuza na tuna abin da na kusa zama, sai in ji shi sabo. Nkechi ce ke kira duk Sallah. A kiran da ta yi na ƙarshe, safiya ce a wajensu, na ji ihun yaro a bayanta har ba na jin abin da take faɗa. Ta ce in yi haƙuri, ɗan nata ne ya kafe ba zai tafi makaranta ba sai babansa ya ɗaure masa igiyar takalmi. Daga can cikin gidan na ji muryar da na sani tana ce wa yaron ya tsaya, ga shi nan zuwa.